Yadda Ake Zuba Cakulan da Alawa a Mazubi Mai Tauri a Gida

Mazubi mai tauri faranti ne mai gurabe jere-jere, kusan irin tsarin tandar waina, sai dai gurabensa ƙanana ne, kuma an yi shi da wata roba mai ƙarfi da ake kira polikabonet, wadda ake hango abin da aka zuba a cikinta ta baya. Da irinsa masu sana'ar cakulan na Beljiyam da Faransa da Italiya suke aiki, kuma wanda aka fi samu tsawonsa santimita 27 da rabi ne, faɗinsa 13 da rabi, mai gurabe 21 ko 24 ko fiye da haka. Abin da ya bambanta shi da mazubin silikon, wato roba mai laushi, wanda ya fi yawa a shagunan kayan kek, shi ne cewa ba ya lanƙwasuwa. A silikon, ko aikin ya yi kyau ko bai yi ba, ana iya tura cakulan ta baya a fito da shi da ƙarfin yatsa. A mazubi mai tauri kuwa babu wannan damar, dole cakulan ya saki gurbin da kansa, kuma ba zai saki ba sai ya ɗan tsuke a lokacin da yake daskarewa, ba kuma zai tsuke ba sai man kokon da ke cikinsa ya daskare ta hanyar da ta dace. Duk matakan da za a bayyana a nan, daga goge mazubi zuwa auna zafi da zaɓen lokacin aiki, manufarsu ke nan: a sa cakulan ya janye jikinsa daga bangon gurbi ya faɗo yana sheƙi.

Wajen saye, a ɗaga mazubin a ji nauyinsa, a kuma gwada murɗa shi kaɗan. Na polikabonet yana da nauyi kuma ba ya motsi. Akwai wani na roba sirara mai araha wanda shi ma ake gani ta cikinsa, amma yana lanƙwashewa idan an cika shi, ba ya kankaruwa da kyau, kuma yakan tsage bayan an yi amfani da shi 'yan lokuta. Yana da amfani ga mai gwaji, amma ba zai ba da ƙyallin da na farko yake bayarwa ba. Akwai kuma na ƙarfe, wanda shi aka saba da shi tun bayan da kamfanin Fry na birnin Bristol a Ingila ya fara zuba cakulan ya zama sanda a 1847, sai dai ba a ganin abin da ke faruwa a cikinsa, shi ya sa yanzu an fi ajiye shi don ado. Ga mai farawa, gurbi mai siffar rabin ƙwallo ko mai santsi ba kusurwa ya fi dacewa, domin mai zane-zane masu zurfi yana riƙe kumfar iska a lungunansa. Sauran kayan aikin ba su da yawa: ma'aunin zafi na girki, makankari mai faɗin da ya kai faɗin mazubin, kwanon ƙarfe, ludayi, auduga mai tsabta, ledar matsawa irin ta kwalliyar kek, da takardar gashi, wato wadda ake shimfiɗawa idan za a gasa kek. Ma'aunin zafin kuwa ba abin da za a yi sakaci da shi ba ne, domin bambancin digiri biyu kawai yana iya raba aiki mai kyau da lalatacce, kuma yatsa ba ya gane wannan bambancin.

Cakulan da ake narkarwa iri biyu ne, kuma wajibi ne a karanta jikin leda kafin a biya kuɗi. Na farko shi ne na ainihi, wanda mansa man koko ne. Wanda aka yi musamman don zubi yana da man koko aƙalla kashi 31 cikin 100, shi ya sa yake gudana sosai idan ya narke. Na biyu shi ne wanda aka haɗa garin koko da sukari da wani man tsiro, galibi man ƙwarar manja, a madadin man koko. Wannan na biyun ba ya buƙatar daidaita zafi, wato sauko da zafin narkakken cakulan zuwa wani mataki na musamman kafin a zuba, narkar da shi kawai ake yi zuwa digiri 40 ko 45 a zuba, kuma ya fi jure zafin gari, amma yana barin maiƙo a ganɗa, ɗanɗanonsa bai kai na farko ba. Duk da cewa Kwaddibuwa da Ghana suna noma wajen rabin kokon duniya, Najeriya ma tana nomansa a jihohi irin su Ondo da Kuros Riba, cakulan na zubi mai kyau yawanci daga waje ake shigo da shi, kuma farashinsa ya ƙara hawa a shekarar 2024, lokacin da tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000. Saboda haka, a ganina, babu laifi mutum ya koyi cikawa da kifewa da kankarewa da na biyun, sannan ya koma na ainihi idan hannunsa ya faɗa. 'Yan ƙwayoyin cakulan da ake sakawa a biskit kuwa a bar su, domin an yi su ne don kada su narke su malale, kuma suna yin kauri a mazubi.

Sai batun ɗaki, wanda a ƙasarmu ya fi kowane batu wuya. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, kuma ɗakin da ya dace da aikin shi ne mai sanyin digiri 18 zuwa 21, marar laima. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, inda zafin watan Afrilu yake wuce digiri 40, cakulan na ainihi ba zai daskare a kan tebur ba ko da an kwana ana jiransa, don haka a bazara ba a shiga wannan aikin sai a ɗaki mai na'urar sanyaya iska da wutar da za a iya dogara da ita. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, Disamba da Janairu, musamman da sassafe, domin a lokacin ne sanyi da bushewar iska suke haɗuwa, sai dai a rufe tagogi a kuma kife mazubi kafin a yi amfani da shi saboda ƙura. Damina tana da sauƙin zafi amma laimarta tana dusashe fuskar cakulan. Kada kuma a yi aikin a kusa da murhun da ake girki.

Sabon mazubi a wanke shi da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun ruwa, da tafin hannu ko tsumma mai laushi, a bar shi ya bushe ƙarau. Bayan haka a ɗauki auduga a goge kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya har ya yi ƙyalli. Mutane da yawa suna tsallake wannan matakin saboda gundura, alhali fuskar cakulan tana kwaikwayon fuskar gurbin ne daidai: idan akwai tabon ruwa ko shatin yatsa ko ƙarzuwa, haka zai fito a jikin kowane guda. Ba a shafa wa mazubin cakulan mai, ko kaɗan, domin man yana hana sheƙi. Idan mazubin ya yi sanyi sosai, kamar da asubar hunturu, a ɗan hura masa na'urar busar da gashi daga nesa har ya kai wajen digiri 26 zuwa 28, wato ƙasa kaɗan da zafin cakulan da za a zuba. Mai sanyi ƙwarai yana daskarar da cakulan farat ɗaya ya bar tabo da ramuka, mai zafi kuma yana warware daidaitawar da aka sha wahala a kanta.

Dalilin daidaita zafi shi ne, man koko yana iya daskarewa ta siffofi shida, kuma guda ɗaya ce daga cikinsu, ta biyar, take ba da cakulan mai sheƙi, mai tsukewa, wanda yake karyewa ƙaras. Idan aka narkar da cakulan aka bar shi ya huce yadda ya ga dama, sauran siffofin marasa ƙarfi ne suke rinjaya, sai ya fito da laushi da fari-fari, ya kuma manne a gurbi. Hanyar da ta fi sauƙi a gida ita ce ta iri. Idan ana da giram 600, a yayyanka shi ƙanana, a ware giram 200 gefe, a narkar da giram 400 a cikin kwano da aka ɗora a kan tukunya mai ruwan zafi, ba mai tafasa ba, kuma kada gindin kwanon ya taɓa ruwan. Baƙin cakulan a kai shi digiri 45 zuwa 50, mai madara da fari kuma kada su wuce 45, domin madarar da ke cikinsu tana saurin ƙonewa. A sauke kwanon, a goge gindinsa da tsumma, sannan a riƙa zuba wanda aka ware kaɗan-kaɗan ana juyawa a hankali ba tare da tsayawa ba. Shi wanda aka ware ɗin, da yake a daidaice ya fito daga masana'anta, ƙwayoyin man kokonsa da suka daskare a siffa ta biyar ne suke zama irin da sauran man zai bi wajen daskarewa, don haka dole ya kasance mai sheƙi wanda bai taɓa narkewa a hanya ko a shago ba. A ci gaba da juyawa har baƙin ya sauko digiri 31 zuwa 32, mai madara 29 zuwa 30, fari 28 zuwa 29. Idan an kai nan akwai sauran gutsuren da bai narke ba, a tsame shi.

Idan duk cakulan da ake da shi ya riga ya taɓa narkewa ya yi fari, kamar yadda yakan faru da wanda ya daɗe a shago marar sanyi, sai a bi hanya ta biyu: a narkar da shi duka, a ɗora kwanon a cikin ruwa mai ɗan sanyi ana juyawa har baƙi ya sauko digiri 27 zuwa 28, mai madara da fari kuma 26, sannan a mayar da shi kan ruwan ɗumi na 'yan daƙiƙoƙi har ya hau zuwa zafin aikin da aka ambata. A kowace hanya, idan baƙin cakulan ya haura digiri 34, ƙwayoyin sun narke, sai a sake daga farko. Ruwa kuwa babban abokin gaba ne. Ɗigo kaɗan ko tururi yana sa sukarin da ke ciki ya cure, cakulan ya zama gudaji-gudaji wanda ba zai ƙara zubuwa ba, sai dai a mayar da shi na kek ko na sha.

Kafin a taɓa mazubi a yi gwaji. A tsoma bakin wuƙa a cikin cakulan a ajiye a gefe. Idan cikin minti 3 zuwa 5 ya daskare sumul ba zane-zane, an dace. Idan har minti 10 yana nan a jiƙe, ko dai daidaitawar ba ta yi ba, ko ɗakin ya yi zafi, kuma gara a gano haka a bakin wuƙa da a gano shi bayan an cika gurabe 24.

Zubin cakulan cikakke, marar komai a ciki, ba shi da wuya. A zuba da ludayi ko ledar matsawa har kowane gurbi ya cika, a riƙe mazubin ta gefensa, ba ta ƙarƙashin gurabe ba, don kada ɗumin hannu ya bar tabo, sannan a bubbuga shi a kan tebur har kumfar iska ta daina tasowa. A ja makankari sau ɗaya ko biyu a saman mazubin a kwashe rarar, a kankare gefensa ma. A bar shi a ɗaki har ya fara kamawa, daga nan a sa shi a firij na minti 10 zuwa 20, ba a ɓangaren ƙanƙara ba. A nan ne ake cin moriyar ganin da ake yi ta bayan mazubin: idan an ɗaga shi, gurbin da ya saki yakan yi hazo-hazo saboda iskar da ta shiga tsakaninsa da cakulan, wanda bai saki ba kuma yana nan da duhu kamar jiƙaƙƙe. Idan duk sun saki, a kife mazubin a kan takardar gashi a buga shi sau ɗaya da ɗan ƙarfi, za su zubo. Waɗanda suka ƙi, a mayar da su firij na wasu mintuna. Kada a taɓa sa wuƙa ko cokali a ƙwaƙulo su, domin ƙarzuwa ɗaya ta lalata gurbin ke nan har abada.

Inda mazubi mai tauri yake nuna fifikonsa sosai shi ne wajen yin cakulan mai ɓawo da haɗi a ciki, irin wanda wani mai sana'ar cakulan, Jean Neuhaus, ya shahara da shi a Burasel, babban birnin Beljiyam, tun 1912. A cika gurabe kamar yadda aka bayyana, a bubbuga, sannan nan take a kife mazubin a saman kwano ko takarda, a riƙa bugun gefensa da ƙotar makankari don cakulan ya tsiyaye ya bar siririn ɓawo mai kaurin milimita ɗaya zuwa biyu. Yana a kife ɗin a kankare fuskarsa, domin idan aka juyo shi tukuna rarar za ta koma cikin gurabe. A ajiye shi a kife a kan takardar gashi na 'yan mintuna, a sake kankarewa kafin ya yi tauri, sannan a bar ɓawon ya daskare. A ɗaga shi a haske a duba. Inda haske yake ratsawa ɓawon ya yi siriri, za a iya ƙara masa da ɗan burushi busasshe.

Haɗin da aka saba da shi shi ne kirim ɗin madara da aka tafasa aka zuba a kan yankakken cakulan, kamar giram 150 na kirim ga giram 200 na baƙin cakulan, amma da yake akwai ruwa a cikinsa ba ya wuce mako biyu ko a wuri mai sanyi, a zafinmu kuwa kwanaki kaɗan ne. Haɗin da na fi ba da shawara shi ne na gyaɗa: a soya ta, a murje ɓawon, a niƙa ta lukui har ta fitar da mai, a gauraya da narkakken cakulan mai madara daidai nauyinta, a sa ɗan gishiri. Ba shi da ruwa, don haka yana daɗewa, ko da yake bayan wasu makonni man gyaɗar yakan ratsa ɓawon ya tausasa shi. Riɗi da busasshiyar kwakwa da niƙaƙƙen dabino su ma suna shiga, kuma idan na sayarwa ne a gaya wa mai saye akwai gyaɗa a ciki, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta. Ko wane haɗi ne, kada zafinsa ya wuce digiri 28 lokacin matsawa, in ba haka ba zai narkar da ɓawon, kuma a bar tazarar milimita biyu daga bakin gurbi. A bar shi ya kama na wasu sa'o'i, ko ya kwana, sannan a ɗan hura wa bakin ɓawon iska mai ɗumi, a zuba daidaitaccen cakulan a rufe, a kankare. Idan haɗin ya taɓa bakin gurbi, murfin ba zai manne ba, daga baya sai a ga yana tsattsafowa.

Wanda yake son launi ya nemi kala mai narkewa a mai, ko man koko mai launi, a narkar da shi zuwa wajen digiri 30 a shafa a gurbi da yatsa ko burushi, a bari ya bushe kafin a zuba cakulan. Kalar ruwa da ake sa wa kek tana cure cakulan nan take.

Aibin da ya bayyana a jikin cakulan yakan nuna inda aka yi kuskure. Mannewa a gurbi da zane-zane masu launin toka alamar rashin daidaita zafi ne ko zafin ɗaki. Ƙananan ramuka a fuska daga ƙarancin bubbugawa ne ko kaurin cakulan. Tsagewar ɓawo tana zuwa daga sirantarsa ko daga sanyi mai tsanani. Farin da yake da kaushi idan an shafa kuwa sukari ne da raɓa ta narkar ya sake bushewa, kuma yana faruwa ne idan an fito da cakulan mai sanyi cikin iska mai laima. Duk waɗannan ba su hana ci, kuma cakulan marar haɗi ana iya sake narkar da shi a daidaita.

Alawar sukari mai tauri, irin ta tsotsa ko mai tsinke, dokarta daban ce, kuma a nan ne ake yawan asarar mazubi. Ana dafa ta har digiri 149 zuwa 154, alhali polikabonet yana fara laushi a wajen digiri 147, balle siririyar roba wadda take narkewa nan take. Saboda haka mazubin cakulan ba na alawa ba ne. A nemi na ƙarfe, ko farar roba mai kauri wadda aka rubuta a jikinta cewa tana jure zafin alawa. Sukari kuma ba ya tsukewa kamar cakulan, don haka wannan karon dole a shafa wa gurabe ɗan mai marar ƙamshi, a goge rarar. A haɗa sukari giram 400 da ruwan gulukos giram 200 da ruwa mililita 150 a tukunya mai kaurin gindi, a juya har sukarin ya narke, sannan a daina juyawa da zarar ya tafasa, domin juyawa tana mayar da shi gari. Gulukos ɗin ma aikinsa ke nan, hana sukari komawa ƙwaya-ƙwaya. Idan babu ma'aunin da ya kai wannan zafin, a ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, in ya zama zare mai karyewa ƙas ba tare da lanƙwasa ba, ya yi. A sauke, a jira kumfa ta kwanta, a sa kala da ƙamshi, a juye a jug na ƙarfe mai baki a zuba da hanzari. A bar shi ya huce a ɗaki na minti 20 zuwa 30, ba a firij ba, a kife a fitar, a naɗe kowace ɗaya a leda nan da nan, domin alawa tana jan laima ta yi danƙo. Narkakken sukari yana manne wa fata yana ƙuna ƙwarai, don haka a nisanta yara, kuma idan ya zuba a hannu a sa wurin a ƙarƙashin ruwan sanyi na kimanin minti 20. Tuwon madara da sauran alawa masu laushi ba sa sakin gurbi mai zurfi, su silikon ko abin yanka siffa ya fi dacewa da su.

Bayan an gama, mazubin cakulan ba ya buƙatar sabulu kullum. A narkar da ragowar da iska mai ɗumi a goge da auduga, idan kuma haɗi ya ɓata shi a wanke da ruwan da bai wuce digiri 50 ba, ba da soson ƙarfe ko toka ba, a shanya a inuwa, a ajiye a kife cikin leda. Shi kuma cakulan da aka gama ya fi son digiri 15 zuwa 18, nesa da rana da kayan ƙamshi irin su daddawa da albasa, domin man koko yana ɗaukar wari. Inda firij ne kaɗai mafita, a jera shi a roba mai murfi wadda iska ba ta shiga, kuma idan an fito da ita a bar ta a rufe na kimanin sa'a ɗaya kafin a buɗe, don raɓar ta sauka a bayan robar maimakon a jikin cakulan.